Kafin ka ce a cefanar da asibiti, gaya mana me za a cefanar

Duk shekara idan muka iso darasin rubutun muhawara, take ɗaya nake bai wa ɗalibai: shin ya dace gwamnati ta cefanar da harkar kiwon lafiya ga 'yan kasuwa? Dalilin da ya sa na maƙale wa wannan take shi ne babu ɗalibin da ke shigowa aji ba shi da ra'ayi a kai. Wani ya taɓa kwana a kan benci yana jiran likitan da bai zo ba, wani kuma an taɓa hana ɗan'uwansa gado sai an ajiye kuɗi. Kowa da tabonsa. To, abin da ya fi wahalar koyarwa a rubutun nazari shi ne yadda mutum zai san yana da tabo, amma kada ya bar tabon ya riƙe masa alƙalami.

Maƙalu biyu na fi tunawa daga wani zango. Ta farko, ta wata ɗaliba, ta buɗe da cewa: "Sanin kowa ne lafiya uwar jiki ce, saboda haka cefanar da asibitoci zalunci ne ga talaka, kuma ya gaza a duk faɗin duniya." Ta biyu, ta wani ɗalibi da ke zama a bayanta, ta ce: "Duk abin da gwamnati ta sa wa hannu lalacewa yake yi, 'yan kasuwa ne kaɗai za su iya gyara asibitocinmu." Su a ganinsu sun yi hannun riga. Ni kuwa da jan biro tambaya iri ɗaya na rubuta wa kowannensu a gefen takarda: me za a cefanar?

Washegari ɗalibar ta same ni da takardarta a hannu. Ta ce, "Malam, ai asibiti na rubuta." Na ce mata, "Ginin ko aikin? Albashin likita ko kuɗin magani? Idan gwamnati ta bar ginin a hannunta amma ta ce kowa ya biya kafin a duba shi, an cefanar ko ba a cefanar ba? Idan kuma kamfani ne ya mallaki ginin amma mara lafiya ya shiga ya fito bai biya ko kwabo ba, gwamnati ta biya masa, wannan fa?" Ta yi shiru. Daga wannan shirun ne rubutunta ya fara zama na nazari.

Kalmar "cefanarwa" jaka ce da aka cusa aƙalla tambayoyi uku a cikinta. Akwai tambayar wa ke biya: haraji ne, inshora ce, ko aljihun mara lafiya a ranar da ciwo ya kayar da shi? Akwai tambayar wa ya mallaki asibitin kuma yake gudanar da shi: gwamnati, ƙungiyar jinƙai da ba riba take nema ba, ko kamfani mai masu hannun jari? Sai tambayar wa ke kafa ƙa'ida, ya ƙayyade farashi, ya sa ido. Ƙasashe ba sa amsa waɗannan tambayoyi a dunƙule, kowace da yadda take haɗa nata.

Dubi Birtaniya, wadda ɗalibai ke son kawowa a matsayin misalin "komai na gwamnati". Hukumar lafiyarta ta NHS ta fara aiki ranar 5 ga Yuli, 1948, a ƙarƙashin minista Aneurin Bevan, kuma da haraji ake ɗaukar nauyinta. Amma likitocin unguwa, waɗanda su ne ƙofar farko ga mara lafiya, tun daga wancan lokaci akasarinsu masu zaman kansu ne da ke aiki da hukumar bisa kwangila. A Kanada gwamnatin lardi ce ke biyan kuɗin ganin likita, alhali likitocin da yawansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, takardar caji kawai suke aika mata. A Holand tun 2006 kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayar da inshorar lafiya, sai dai doka ta wajabta wa kowa ya saya, ta kuma haramta wa kamfani ya ƙi karɓar mutum saboda shekarunsa ko ciwonsa. Ita kuwa Amurka, da ake kira gidan kasuwa, kusan rabin kuɗin da ake kashewa kan lafiya a can daga gwamnati yake fitowa, musamman ta shirye-shiryen Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa a 1965. To wace ce a cikinsu "ta cefanar"? Ɗalibin da bai warware wannan ba a sakin layinsa na farko zai yi shafi goma yana dambe da inuwa.

Wannan shi ne abin da malamai ke nufi idan suka ce a fayyace kalmomi. Ɗalibai da yawa sun ɗauka ana nufin a kwafo ma'anar "lafiya" daga ƙamus a liƙa a gabatarwa. Wannan ɓata takarda ne. Abin da ake so shi ne marubuci ya ce: a wannan maƙala, idan na ce cefanarwa, ina nufin kaza, ban da kaza. Jimla biyu sun isa, amma su ne ke hana sauran rubutun zamewa.

Bayan an san abin da ake gardama a kai, sai maganar hujja. Wani masanin falsafa ɗan Birtaniya, Stephen Toulmin, ya nuna a 1958 cewa tsakanin shaidar da mutum ya kawo da da'awar da ya yi akwai wata gada da galibi ba a furta ta. A nan ne yawancin maƙalu ke rushewa. Ɗalibin nan na biyu ya rubuta cewa gasar kamfanoni ta sa wayar hannu ta yi arha ta kuma isa ko'ina, don haka gasa za ta gyara asibiti. Shaidarsa gaskiya ce. Gadar da ya ɓoye ita ce: magani haja ce irin waya. Sai na ce ya fito da wannan jimla fili ya rubuta ta, sannan ya gwada ko za ta iya ɗaukar nauyin da ya ɗora mata.

An riga shi gwadawa. A 1963 Kenneth Arrow, masanin tattalin arziki da daga baya ya ci kyautar Nobel, ya wallafa wata maƙala da har yau ake fara karatun tattalin arzikin lafiya da ita. Arrow ba maƙiyin kasuwa ba ne, yana cikin waɗanda suka gina lissafin da ke nuna yadda kasuwa ke daidaita kanta. Shi ya sa maganarsa ke da nauyi. Ya ce ciwo ba ya sallama, ba ka san yaushe zai zo ba, ba ka san nawa zai ci ba. Mai sayen waya yana iya zagaya shaguna ya taya, ya fasa, ya dawo wata mai zuwa. Wanda aka ɗauko a sume ba ya taya farashi. Abu mafi muhimmanci kuma, a asibiti mai sayarwa shi ne mai ba ka shawarar abin da za ka saya. Idan likita ya ce sai an yi tiyata, da wane ilimi za ka musa? Ko bayan an gama ba lallai ka san ko aikin ya zama dole ba: idan ka warke wataƙila da ma za ka warke, idan ba ka warke ba wataƙila ba laifin kowa ba ne. Wannan giɓin sani shi ya sa aikin likita ya dogara ga amana da rantsuwa da lasisi, abubuwan da ba a nema wajen mai sayar da waya.

Maganin rashin tabbas shi ne inshora, amma ita ma da nata ciwon. Idan aka bar ta ga zaɓin mutum, matasa masu ƙoshin lafiya za su ga asara ce su fice, a bar tsofaffi da marasa lafiya, farashi ya hau, wasu su ƙara ficewa. Kamfani kuma ribarsa tana wajen tara masu lafiya da kauce wa masu ciwo. Chile ta nuna wannan a aikace. A 1981, zamanin mulkin Pinochet, aka ba ma'aikata damar kai kason albashinsu na lafiya ga kamfanonin inshora masu zaman kansu maimakon asusun gwamnati. Kamfanonin suka riƙa tsawwala farashi ga mata da tsofaffi, masu kuɗi da matasa suka taru a wurinsu, mafi yawan jama'a, har da mafi yawan marasa lafiya, suka rage a asusun gwamnati. Sai da kotun tsarin mulkin ƙasar ta shiga maganar a 2010. Dokar Holand ta tilasta saye da tilasta karɓa an yi ta ne daidai don toshe wannan rami.

Lura da abin da ya faru a nan ta fuskar rubutu. Hujjar Arrow ba ta ce kada ɗan kasuwa ya taɓa asibiti ba. Ta ce kasuwar da aka saki ba linzami ba za ta yi aiki a nan yadda take yi a wasu wurare ba. Ɗalibin da ya ambaci Arrow ya ce "don haka cefanarwa haramun ce" ya ɗora wa mutumin maganar da bai yi ba, kuma wannan laifi ne a rubutun nazari ko da an rubuta sunansa da shekara daidai.

Yanzu a ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin nauyin shaidarsu ba ɗaya ba ne.

A kan wa ke biya, musamman biyan kuɗi a bakin ƙofar asibiti, shaida ta taru har ta yi kauri. Daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta yi wani gwaji da ba a cika samun irinsa ba: aka raba dubban iyalai ta hanyar ƙuri'a, wasu magani kyauta, wasu su biya wani kaso. Waɗanda ke biya sun rage zuwa asibiti, kamar yadda aka zata. Abin da ya ja hankali shi ne sun rage zuwan da ke da amfani da wanda ba shi da amfani kusan daidai wa daida, domin mara lafiya bai iya bambance su ba. Ga matsakaicin mutum lafiya ba ta taɓu sosai ba, amma talakawa masu ciwo, musamman masu hawan jini, sun cutu. Ɓangarorin muhawara biyu duk suna jan wannan bincike, kowa ya yanki rabin da ya yi masa daɗi. Ɗalibin kirki yana kawo rabin biyun.

A ƙasashe matalauta gwajin ya fi tsanani, kuma ba a ɗakin bincike aka yi shi ba. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba da shawarar a riƙa cajin marasa lafiya a asibitocin gwamnati. A shekarar ce ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya tanadi a sayar da magani a ƙananan asibitoci a juya kuɗin don kada kantar magani ta bushe. Niyyar ba mugunta ba ce: asibitocin babu magani, baitulmali babu kuɗi. Amma kuɗin da aka tara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kasafin lafiya, mutane kuwa suka ƙaurace wa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Da Yuganda ta soke cajin a 2001, masu zuwa asibitocin gwamnati suka ƙaru ƙwarai, mafi yawa daga cikin talakawa. A 2013 shugaban Bankin Duniya na lokacin, Jim Yong Kim, ya tsaya gaban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana irin wannan caji a matsayin rashin adalci da ba a ma buƙatarsa. Ba kullum ake samun cibiya ta janye maganarta a bainar jama'a haka ba. Sai dai labarin Yuganda yana da wutsiya da masu son sa ke yankewa: jama'a sun yi yawa, magani ya riƙa ƙarewa, mutane da dama suka koma saye a kemis da aljihunsu. Soke caji ba tare da ƙara kasafi ba, ɗauke ramin ne daga bakin ƙofa a mayar da shi cikin ɗaki.

A kan wa ya mallaki asibiti kuwa, duk wanda ya ce maka shaida ta yanke hukunci, bai karanta da yawa ba. Nan ne wurin da nake son ɗalibi ya daɗe.

Misalin da nake ba su su yi aiki a kai shi ne na Lesoto. A 2011 aka buɗe sabon babban asibiti a Maseru, babban birnin ƙasar, mai suna Queen 'Mamohato Memorial, a madadin tsohon asibitin ƙasa da ya tsufa. Wata haɗakar kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Netcare na Afirka ta Kudu ce ta gina shi take kuma gudanar da shi, bisa kwangilar shekara 18, gwamnati na biyan ta kuɗi duk shekara, sashen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa kuma shi ya ba da shawara wajen ƙulla yarjejeniyar. Masu bincike daga Jami'ar Boston sun kwatanta sabon asibitin da tsohon, suka ga an samu raguwar mace-mace da ingancin aiki. A 2014 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoto tana cewa asibitin da ƙananan rassansa na laƙume fiye da rabin kasafin lafiyar ƙasar baki ɗaya, a ƙasar da yawancin mutanenta ke zaune a karkara, nesa da babban birni. An yi gardama kan yadda aka yi wannan lissafi. A 2021 gwamnati ta soke kwangilar tun wa'adinta bai cika ba, bayan rikicin yajin aikin ma'aikatan jinya.

Nakan miƙa wa ɗalibai bayanan biyu in tambaye su wa ya yi ƙarya. Sukan rabu gida biyu, sai can wani ya gano cewa mai yiwuwa babu wanda ya yi. Tambayoyin ne daban. Ɗaya na tambaya ko wanda ya samu shiga asibitin ya fi samun kulawa. Ɗayan na tambaya me aka hana sauran ƙasar domin a biya wannan kulawa. Har ila yau, kwatanta sabon gini mai sababbin na'urori da ƙarin kuɗi da tsohon gini da ya ruɓe ba ya gaya maka ko kamfanin ne ya kawo gyaran ko kuɗin ne. Da gwamnati ce aka ba wa wannan kuɗi da wannan gini, me zai faru? Binciken bai amsa wannan ba, domin ba a gwada ba. Ɗalibin da ya iya rubuta wannan sakin layi da kansa ya koyi abin da ya fi duk ƙa'idojin jera madogara amfani: kafin ka karɓi sakamakon bincike, tambayi me aka kwatanta da me, kuma wa ya biya kuɗin binciken, kuma wace tambaya aka bari ba a yi ba.

Sauran misalan ma haka suke, ba sa layi ɗaya. A Ingila an miƙa wa kamfanin Circle ragamar asibitin Hinchingbrooke a 2012 bisa kwangilar shekara 10, kafin shekara 3 ta cika sosai ya sanar da janyewa, asibitin ya koma hannun hukuma. Darasin da ke ciki shi ne kamfani na iya ajiye makulli ya tafi, gwamnati ba ta da wannan gata, domin marasa lafiya na nan kwance. A ɗaya gefen, asibitin ido na Aravind da Dakta Venkataswamy ya kafa a Madurai ta Indiya a 1976 da gado 11 ya zama ɗaya daga cikin manyan masu aikin yanar ido a duniya, masu hali na biya, marasa hali ana yi musu kyauta ko da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ba na gwamnati ba ne. Amma kuma ba na masu neman riba ba ne, kuma aikin yanar ido aiki ne iri ɗaya da ake maimaitawa, mai sauƙin ƙirgawa da auna sakamakonsa. Wanda ya jefa Aravind da kamfanin hannun jari a kwando ɗaya ya kira su "masu zaman kansu" ya koma kuskuren farko.

Akwai wani bincike daga Ingila da nake ganin ya fi kowanne koyar da hankali. A shekarun 1990 an sa asibitocin hukuma su yi gasa da juna har a kan farashi. Masana tattalin arziki, ciki har da Carol Propper, sun gano cewa inda gasa ta fi zafi layin jira ya ragu amma mutuwar masu bugun zuciya ta ƙaru. Daga 2006 aka sake salon: farashi ɗaya hukuma ta yanka wa kowa, mara lafiya ya zaɓi inda zai je. A wannan karon bincike ya nuna gasa ta zo da raguwar mace-mace. Ƙasa ɗaya, kalma ɗaya, sakamako biyu. Fassarar da ta fi shiga hankali ita ce asibiti na gasa ne a kan abin da mai saye ke iya gani. Idan farashi da tsawon layi ake gani, a can za a yi ƙoƙari, a tsuke inda ido ba ya kaiwa. Tambaya ta uku ke nan, ta mai kafa ƙa'ida, wadda ɗalibai ke mantawa da ita alhali ita ke juya sauran biyun.

Wannan ya kawo mu ga 'yan ƙananan kalmomin da ke raba rubutun nazari da na dandalin sada zumunta. A 2022 wasu masu bincike na Jami'ar Oxford suka wallafa nazari da ya nuna cewa a yankunan Ingila da aka fi miƙa ayyukan lafiya ga kamfanoni masu neman riba, an fi samun ƙaruwar mutuwar da magani zai iya hanawa. Ɗalibata ta same shi, murna kamar ta tsinci dami a kala, ta rubuta: "Bincike ya tabbatar cefanarwa na kashe mutane." Na ja layi a ƙarƙashin "tabbatar" da "kashe". Abin da nazarin ya nuna shi ne abubuwan biyu sun tafi tare. Yana iya yiwuwa ɗaya ne ya haifi ɗayan, yana kuma iya yiwuwa yankin da asibitocinsa suka riga suka shiga matsi shi ne ya fi neman taimakon kamfanoni. "Ya haddasa" daban, "ya zo tare da" daban, "yana nuna alamar" daban. Ɗalibai na ganin irin wannan taka-tsantsan kamar tsoro ne. A wurin mai karatu da ya san fannin kuwa, shi ne alamar marubucin ya san iyakar abin da ke hannunsa. Amma kada a wuce gona da iri. Na sha karanta maƙalar da kowace jimla ke ɗauke da "wataƙila" da "mai yiwuwa" har ka gama ba ka san inda marubucin ya tsaya ba. Inda shaida ta yi ƙarfi, kamar batun caji a bakin ƙofa, a faɗe ta kai tsaye.

Sai batun abokin hamayya. Ƙa'idata a aji ita ce ba za ka soki ra'ayi ba sai ka rubuta shi yadda mai shi zai karanta ya ce, "Haka nake nufi." Masu goyon bayan cefanarwa ba duka ne 'yan cin riba ba, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ba daga littafi take ba. Suna cewa: a ƙasashe da dama asibitin gwamnati kyauta ne a takarda kawai. Likita ba ya nan, magani babu, na'ura ta lalace, sai ka ba da na goro kafin a kalle ka. Talakan da kuke karewa ya riga ya yanke hukunci da ƙafarsa, yana wajen mai zaman kansa yana biya. Wannan magana ce mai nauyi, kuma wanda ya kwatanta asibitin gwamnati na mafarki da asibitin kasuwa na zahiri ya yi maguɗi, haka ma wanda ya juya kwatancen.

Amsar da nake ganin ta fi dacewa da su ita ce: gwamnatin da ta kasa sa likitanta ya zo aiki, da wane ƙarfi za ta rubuta kwangilar shekara 18 da kamfanin da ya fi ta lauyoyi, ta bi diddigin kowace takardar caji, ta gano tiyatar da aka yi ba dalili, ta hukunta wanda ya karya ƙa'ida? Sa ido a kan ɗan kwangila ya fi gudanar da asibiti buƙatar ƙwarewa. Holand da Jamus na iya barin kamfanoni su shigo saboda suna da hukumomi masu haƙora. Ke nan cefanarwa ta fi yin aiki a inda aka fi ƙarancin buƙatarta, ta fi haɗari a inda ake kiranta da babbar murya. Wannan ra'ayina ne, ina kuma gaya wa ɗalibai cewa ra'ayi ne, mai son rushe shi ya zo da shaida. Wasu sun gwada, ɗaya ya kusa: ya nuna cewa ayyuka ƙanana masu sauƙin aunawa, irin su gwajin jini ko wankin ƙoda ko aikin ido, ba sa buƙatar irin wannan sa ido mai zurfi, don haka hukuncina ya yi faɗi da yawa. Na ba shi maki mai kyau, na kuma rage faɗin maganata.

Game da madogara ba zan tsawaita ba. Ambaton inda ka samo magana ba ado ba ne, hanya ce da mai karatu zai bi sawunka ya duba ko ka faɗi daidai. Kwafe jimlar wani ka canja kalma biyu satar fasaha ce ko da ka sa sunansa a ƙarshe. Kuma adadi ba ya tafiya shi kaɗai: idan ka ce Amurka na kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, alhali tsawon ran mutanenta bai kai na takwarorinta ba, to ka faɗi shekarar, ka kuma yarda cewa tsawon rai ba asibiti kaɗai ke yanke shi ba, akwai haɗarin mota da miyagun ƙwayoyi da bindiga a cikin lissafin.

Ɗalibar nan sau huɗu ta sake daftarinta. A na biyu ta cire "sanin kowa ne", bayan na tambaye ta idan kowa ya sani me ya sa take rubutawa. A na uku ta cire "duk faɗin duniya", domin ƙasashe uku kawai ta karanta. Karin maganar ma ta tafi, ba don ba ta da daɗi ba, sai don ɗalibin da ke bayanta zai iya buɗe tasa maƙalar da ita ba tare da ya canja ra'ayi ba. A na huɗu ga abin da ta kawo: "Wannan maƙala na jayayya cewa mayar da nauyin biyan kuɗin magani kan mara lafiya a lokacin da yake jinya yana hana talakawa zuwa asibiti, kamar yadda abin da ya faru a Yuganda kafin 2001 da bayanta ya nuna, amma miƙa gudanar da asibiti ga kamfani, gwamnati na biya, tambaya ce daban wadda amsarta ta rataya ga ƙarfin gwamnati na sa ido."

Ta ajiye takardar a kan teburina tana ɓata fuska. Ta ce, "Malam, ta farkon ta fi zafi." Na ce ƙwarai ta fi. Sai na juya shafi na biyu, inda ta rubuta cewa soke caji ya "magance" matsalar Yuganda, na zagaye kalmar da jan biro, na miƙa mata.